Hawan Tsaunin Chappal Waddi: Kurakuran da Aka Fi Yi da Gyaransu

Babu wurin da ya kai Chappal Waddi tsayi a duk faɗin Najeriya. Tsaunin, wanda wasu ke kira Gangirwal, ya kai mita 2,419, yana bakin iyakar Kamaru, cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991 tsakanin jihohin Taraba da Adamawa. Matasanmu sun fara sha'awar hawansa, abin kuma yana faranta mini rai. Sai dai da yawa daga masu juyowa a rabin hanya tun a gida suka ɓata shirinsu.

Babban kuskure, wanda sauran duk ƙannensa ne, shi ne raina mutanen wurin. Sai ka ga samari sun haɗa kuɗin mota, sun dogara da taswirar waya, sun wuce garin Serti ba tare da sun leƙa hedikwatar gandun da ke can ba, wai don gudun biyan kuɗin shiga da na jagora. Wannan ganganci ne. A saman tuddai hanyoyin shanu sun yi yawa, kuma duk kamarsu ɗaya. Gajimare kan sauko ya rufe wuri har ka kasa ganin na gabanka, sabis na waya ya ɗauke, ga iyakar wata ƙasa a gefe, kana iya tsallake ta ba ka sani ba. Ma'aikatan gandun ne suka san rafin da ke ƙetaruwa, da inda za a kwana, da halin tsaro na wannan makon. Ka tuntuɓe su kafin ka bar gida, ka yi rajista a Serti, ka ɗauki jagora da 'yan dako, ka kuma daidaita ladansu tun kafin a ɗaga kaya. Idan kun isa ƙauyen da za a fara tafiyar ƙasa, kamar Njawai ta ɓangaren Mambila, a je a gai da jauro, wato mai garin, a faɗa masa abin da ya kawo ku. Baƙo ko da ido makaho ne. Makiyayan da za ku riƙa wucewa ta rugagensu Fulatanci suka fi ji, kada kuma a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa.

Sai lokaci. Damina a nan ta fi ta Kano da Katsina tsawo, daga wajen Afrilu har Oktoba. Koguna kan cika, hanya ta zama taɓo, babur ma ya gagara. A tsara tafiya tsakanin Disamba da Maris, ko da yake hazon hunturu kan rage nisan gani.

Wanda ya taso a zafin Sakkwato ba ya yarda cewa sanyi zai iya kayar da shi a Najeriya, sai ya kwana a can. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga iska, ga raɓa. Abin da ke cutar da mutane shi ne rigar da ta jiƙe da gumi: kana tafiya ba ka jin komai, da ka zauna hutawa sai ta manne maka a baya, haƙora su fara kaɗawa. Ka ƙulle busassun kaya a leda don dare kawai, da rigar sanyi, da hula mai rufe kunne, da safa, da bargo, da abin shimfiɗa mai kauri, domin ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki. Wasu na fargabar ciwon ƙarancin iska da suke jin labarinsa a tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895. Wannan ciwo ya fi kama mutane a sama da mita 2,500, don haka a nan sanyi da gajiya ne abin tsoro.

Kada ka sayi sabon takalmi ana gobe tafiya. Kafin azahar zai fitar maka da bororo a dunduniya. Ka yi makonni kana yawo da shi, ka yanke farce, domin a gangara yatsu ne ke dukan bakin takalmi. Silifas kuwa na zaman sansani ne.

Ruwan rafi yana da kyawun gani, amma shanu na sha a sama da kai, sai a tafasa shi ko a sa maganin tace ruwa. Guzuri ya zama marar nauyi: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin kwaki, da haɗin gishiri da sukari. A riƙe tsabar kuɗi da tocila.

Akwai kuma masu tashi da gudu don a ce su ne gaba. Tafiyar ba ta yini guda ba ce. A bi takun wanda ya fi kowa rauni, a sa lokacin juyowa tun da safe, a kuma cika shi ko da ƙololuwa na gaban ido. Isa sama rabin aiki ne, a saukowa gwiwa ke rawa, a nan aka fi zamewa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne leda da robobin da ake watsarwa. Ruwan da ke gangarowa daga waɗannan tsaunuka ta ɓangaren Najeriya yana ƙarewa ne a Kogin Binuwai, dajin kuma mafaka ce ga birai irin su cimfanzi da suka yi ƙaranci. Duk abin da ka hau da shi ka sauko da shi. Da rani ciyawa a bushe take, garwashi ɗaya ya isa ya cinye tudu guda, don haka kafin a bar masauki a zuba wa murhu ruwa, a tona tokar a tabbatar ta huce.