Yadda za ka kawar da fargaba yayin koyon gane kana cikin mafarki

Mutum na iya gane cewa mafarki yake yi alhali bai farka ba. Fargaba na iya hana mai koyo, domin zuciyar da ke dukan uku-uku ba ta barin barci ya yi nauyi.

Da farko, daina ƙirga dararen da ba ka dace ba. Ajiye littafi da biro kusa da matashin kai, da ka farka ka rubuta abin da ka tuna, ko da fuska ɗaya ce. Mako biyu wannan kaɗai ne aikinka.

Da rana kuma, kamar sau goma, toshe hancinka ka gwada shaƙar iska. A farke ba za ta shiga ba, a mafarki tana shiga, don haka in ka gwada ta shiga, ka san mafarki kake yi.

In ka saba, saita ƙararrawa bayan awa 5 da kwanciya. Zauna minti 20 ba tare da taɓa waya ba, sannan ka koma ka kwanta kana maimaitawa a zuci: "In na yi mafarki, zan gane." Dare biyu a mako ya isa, don rashin barci ƙara fargaba yake.

Dannau ne ya fi tsorata mutane. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa tana kashe ƙarfin tsokoki don kada ka aikata abin da kake gani, wani lokaci sai ka farka kafin ƙarfin ya dawo. Kada ka yi kokawa da shi. Ja numfashi a hankali, ka motsa ɗan yatsan ƙafa, zai sake ka. Kwanciya rigingine tana jawo shi, gara ka kwanta a gefe.