Yadda ake tace gungun ayon na argon kafin a kankare saman polima

Abin da ke ɓata polima (dangin roba) wajen kankare samanta da ayon (atam ko gungun atam mai caji) shi ne ƙarfin da kowace ƙwayar atam ke ɗauke da shi. Gungu mai atam 2,000 da aka harba da keV 10 (wato eV 10,000; eV ma'aunin ƙarfi ne) yana raba wa kowace ƙwaya eV 5 kacal. Ayon guda tilo kuwa shi kaɗai ke ɗauke da eV 10,000 ɗin, ya nutsa can ciki ya tsittsinka sarƙar polima. Aikin tacewa ke nan: raba manyan gungu da ƙanana.

Iskar argon na fita ta siririn baki da matsi, ta yi sanyi ta dunƙule, ilektiron su ba ta caji, sannan a harba ta. Girman gungun da ke fitowa a gauraye yake. Matacin Wien ne ke zaɓe: filin lantarki da na maganaɗisu a gicciye, ba abin da ke wucewa sak sai mai gudun da ya yi daidai da E/B, wato ƙarfin filin lantarki (E) a raba da na maganaɗisu (B).

Yi lissafi kafin ka taɓa komai. Gungu mai atam 2,000 a keV 10 yana gudun kusan mita 4,900 a daƙiƙa. In maganaɗisun tesla 0.5 ne, tazarar farantan kuma milimita 10, bolt 24.5 kake bukata a tsakaninsu. Ɗora kofin Faraday, mai auna cajin da ke isowa, a inda samfur zai zauna, ka riƙa ƙara bolt kaɗan-kaɗan kana rubuta karatun, sai ka ga yadda girman ya rarrabu. Tsuke ramin fita yana gyara zaɓe amma yana rage wuta, kankara ta yi jinkiri.

Kada ka sa wa matacin rai fiye da kima. Bambancin nauyi na kashi 10 cikin ɗari bambancin gudu na kashi 5 kawai yake bayarwa, don haka manyan gungu ba sa rabuwa tsaf.

Mafi wuyar ganewa shi ne caji biyu. Gungu mai atam 4,000 da caji biyu gudunsa ɗaya ne da mai 2,000 da caji ɗaya, tare za su wuce, alhali ƙarfinsa keV 20 ne. Rage yawan ilektiron da ƙarfinsu a ɗakin caji. Marasa caji kuma babu filin da ke juya su, sai ɗan lanƙwasa a bututun ke zubar da su. In iska ta yi yawa bayan matacin, gungun zai yi karo ya farfashe, don haka duba famfunan zuƙe iska.

Gwada da PET, polimar da ake yin gorar ruwa da ita. Kunna bindigar ilektiron mai kashe caji, ka kankare, ka duba layin kabon (C 1s) a XPS, na'urar da ke auna sinadaran saman abu da hasken X-ray. In ƙololuwar O–C=O da ke wajen eV 289 tana raguwa, ƙananan gungu na tsallake matacin ko ƙarfin kowace ƙwaya ya yi yawa: rage keV ko ka zaɓi gungu mafi girma.