Gyaran ɗakin yara da kuɗi kaɗan: inda aka fi yin asara a Yamai

Yawancin kuɗin da ke salwanta a ɗakin yara wajen maimaita aiki suke tafiya. A sayi labule da hotuna, a shafa fenti, damana ta zo bango ya fara ɓarewa, a koma gidan jiya. A gari mai zafi da ƙura da sauro irin Yamai, tsarin aikin shi ne bango, sai wurin kwana, sai ma'ajiyar kaya. Ado na ƙarshe ne, kuma shi ya fi araha.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne shafa fenti a bangon da bai shirya ba. Sabon shafen siminti yana buƙatar kamar sati 4 kafin ya bushe har ciki. In aka yi gaggawa, ruwan da ke ciki zai turo fentin waje, ya yi ƙuraje, ya zube. Tsohon bango kuma a duba gindinsa: farin gari kamar gishiri alama ce ta laima, kuma babu fentin da zai rufe ta. Sai an gano ta ina ruwan ke shiga, ko rufin kwano ne ke yoyo, ko ruwan indararo ne ke kwanciya a bayan ɗakin. A toshe tsaga, a kankare abin da ya ɗago, a share ƙura, sannan a buɗe gwangwani.

Lissafin ma ana yin sa da ka, shi ya sa fenti ke ƙarewa a tsakiyar aiki. Ɗaki mai mita 3 da mita 4, tsayi mita 3, bangonsa murabba'in mita 42 ne. A cire ƙofa da taga, saura kamar 38. Lita 1 tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafa ɗaya, ana kuma son shafa biyu, ke nan lita 8 zuwa 10. Wasu in sun ga ba zai isa ba sai su tsuga ruwa. Fentin da aka tsinka fiye da abin da aka rubuta a gwangwani ba ya rufe bango, kuma yana bin hannu da rigar yaro. In an haɗa launi, a haɗa shi duka lokaci guda a bokiti ɗaya, don haɗi na biyu ba ya taɓa fitowa daidai da na farko.

Ba dole ba ne a yi wa ɗakin fentin mai gaba ɗaya. Yara daga ƙasa suke ɓata bango, don haka mita 1 da santimita 20 na ƙasa a yi masa fenti mai wankuwa, sama kuma fentin ruwa mai haske. Launi mai ƙarfi a bar shi a bango ɗaya. Zanen ƴar tsana ko mota a jikin bango yaro ɗan shekara 4 yana so, ɗan shekara 9 kunyarsa yake ji. Ya fi a kafa falankin katako da aka shafa wa baƙin fenti, a ba su alli, su bar sauran bangon ya huta.

Akwai abin da ba a wasa da shi a nan. Wasu fentin mai, musamman ja da rawaya, suna ɗauke da dalma, ita kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A nemi gwangwanin da aka rubuta “sans plomb”, wato babu dalma. Kada a goge tsohon fenti a bushe; a jiƙa shi, a fitar da yara da mai juna biyu, a kwashe dattin da tsumma mai ruwa. Bayan an gama a bar tagogi buɗe, kada yaro ya kwana ciki sai warin ya tafi sarai.

Sai gado. Ƙaramin gadon jariri mai santimita 60 da 120 shekara 2 zuwa 3 yake yi ya zama kaya. Yaron da ya wuce yaye, katifa mai 90 da 190 za ta kai shi har girma. A sayi katifar tukuna, sannan a kai awonta wurin kafinta ko mai walda, in ba haka ba a samu rata tsakaninta da gado, ƙafar yaro ta faɗa. Gadon hannu da ake samu a kasuwar Katako yana iya yin kyau, amma a duba mahaɗan katako da fitila: ɗigo-ɗigo baƙi kashin kuɗin cizo ne, katakon da aka ƙwanƙwasa ya yi ƙarar holoƙo kuma gara ta cinye cikinsa. Katifar hannu dai ba ta cancanci ɗakin yaro ba, komai arharta.

Gado mai hawa biyu yana rage cunkoso, amma yaron da bai kai shekara 6 ba ba ya kwana a sama. Shingen gefe ya ɗara saman katifa da aƙalla santimita 16. Abin da aka fi mantawa shi ne fankar sama: yaro ya miƙe a kan gado, kansa ya kai gare ta. Ko a matsar da gadon nesa da ita, ko a koma fankar bango. Zafin Afrilu da Mayu kuma a sama yake taruwa, ƙarƙashin kwano.

Gidan sauro a sa shi cikin tsari tun farko, a kafa masa ƙugiya huɗu masu ƙarfi, ba ƙusa a sabon fenti daga baya ba. Sabo mai magani a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki, in an wanke ma inuwa ce, ba rana ba. Gefensa ya isa a cusa shi ƙarƙashin katifa ta ko'ina.

Kafet mai gashi da tarin ƴan tsana na auduga suna da kyau a hoto, amma da hunturu ya shigo sun zama rumbun ƙura, yaro mai asma ya sha wuya. Tabarma ko ledar ƙasa da ake gogewa da ruwa ta fi. Labule kuma turmin atamfa ɗaya, yadi 6, yana isar taga da rigunan matashin kai. A ce wa tela ya sa masa shafi a bayansa don rana tana cin launi, kuma kada a bar igiya tana lilo inda wuyan yaro zai kai.

Ma'ajiya ta zama daidai tsawon yaro, in ana so ya riƙa mayar da kaya da kansa: kwanduna a ƙasa, akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, an danne bakinsa mai kaifi. Doguwar kabad kuwa yara tsani suke mayar da ita, sai an ɗaure samanta da bango da ƙarfe mai kusurwa. Soket ɗin da ke ƙasa a rufe shi, wayar jone kuma kada ta bi ƙarƙashin tabarma ko katifa, domin a nan take zafi ba wanda ya gani.