Yadda na gyara kicin ɗinmu a Jidda

Kicin ɗinmu ya daɗe yana warin ruɓa, kyankyasai kuma sun ƙi ƙarewa duk da feshin magani. Uwargida ta ce fenti kawai yake so. Ni dai na kwashe kayan da ke cikin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na danna katakon da yatsa, sai ya lotsa kamar burodin da ya sha shayi. Irin katakon nan ne na garin itace da aka matse, in ruwa ya shige shi ya kumbura ba ya komawa. Ga kuma danshin Jidda, garin bakin Bahar Maliya.

Na shimfiɗa busasshen kwali a wurin, aka yi wanke-wanken dare. Da safe ɗigon ya nuna mahaɗar bututun da ke fitar da ruwa. Nan gardama ta ƙare. Da a ce bangon ne ke jiƙa, ko tayil ya fara ɗagowa, to lokacin fasawa a sake aiki gaba ɗaya ya yi, shi kuwa sai da yardar mai gidan, tunda haya muke.

Mai gyaran famfo ya canza mahaɗar. Kabad ɗin ƙasa muka sauya da na alminiyam, wanda ba ruwansa da danshi, na sama kuwa lafiyarsu ƙalau, muka bar su. Ramin da bututu ya ratsa bango na toshe da siminti, ashe nan ce hanyar kyankyasan. Tiyon gas ma ya tsattsage, aka sa sabo, na shafa wa bakinsa ruwan sabulu, kumfa bai tashi ba, alamar gas ba ya yoyo ke nan.