Yadda Za Ka Rage Wa Kwamfuta Nauyi

Idan kwamfutarka mai Windows ta fara jan ƙafa, sau da yawa manhajojin da ke aiki a ɓoye ne ke cinye mata ƙarfi.

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msconfig, sai Enter. A tagar da ta fito, buɗe Services, wato jerin manhajojin da ke aiki a ɓoye.

Kafin ka taɓa komai, sa alama a akwatin Hide all Microsoft services, don a ɓoye na Microsoft daga jerin. Nan mutane ke yin ɓarna: ka kashe na Microsoft, ka wayi gari ba sauti, ba intanet.

Cikin sauran, cire alamar na manhajojin da ka daina amfani da su. Na kariya daga bairos kam, bar shi. Wanda ba ka gane ba ma, ƙyale shi.

Danna OK, ka sake kunna kwamfutar. In wani abu ya tsaya, koma ka mayar da alamarsa.