Sabon inji mai tobo: kurakuran da ake tafkawa a kilomita 1,500 na farko, da gyaransu

Motoci masu tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, sun yawaita a hannunmu. Ga Hilux mai injin dizal 2.4 da 2.8, ga Land Cruiser 300 wadda tun 2021 ta ajiye V8 ta koma V6 mai tobo biyu, ga Honda Accord ta 2018 mai injin 1.5, ga kuma ƙananan jif na ƙasar Sin da ke shigowa dal a leda. Amma yawancinmu a kan Fijo 504 da tsohuwar Corolla muka koyi riƙon mota, kuma da wannan tarbiyyar muke tunkarar injin da aka ƙera da wani lissafi daban. Abin da zan faɗa ya shafi sabuwar mota, ya kuma shafi injin da aka buɗe aka sa masa sabbin ringi, ko wanda aka ɗaura wa sabon tobo.

Sai an san abin da ke gudana a ciki kafin a gane kuskure. Bangon silinda na sabon inji ba sumul yake ba. A masana'anta ake yi masa wasu ƙananan zane masu gicciye da juna, da gangan, don su riƙe baƙin mai. Ringin da ke jikin fistin su ne za su goge tsinin wannan zane har su zauna daram, su hana wuta zurarewa ƙasa, su hana mai hawowa sama. Abin da ke manna ringi da bango shi ne ƙarfin wutar da ke tashi a saman fistin, wadda ke shiga bayan ringin ta tura shi waje. Ke nan ringi ba ya zama sai inji yana aiki da ɗan nauyi a kansa. Shi kuma tobo, hayaƙin salansa ne ke juya shi, yana iya haura juyi 150,000 a minti guda, kuma sandarsa a kan siririn baƙin mai take yawo. Zafin hayaƙin da ke bi ta cikinsa a injin fetur yakan kai digiri 900.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma mai shi yake ganin kyautatawa ce, shi ne lallashi fiye da kima. Mutum ya tayar da mota da safe ya bar ta tana silo minti ashirin, ya koma ya yi wanka ya karya, wai tana ɗumi. Direba ya kai maigida taro, ya kunna sanyi ya kwantar da kujera, inji yana silo har a tashi. A silo babu nauyi a kan fistin, saboda haka ringi suna shafar bango ne kawai ba tare da sun ci shi ba. Idan abin ya yawaita a kwanakin farko, bangon yakan yi santsi da wata ƙonanniyar dauɗar mai, ringi su kasa zama, injin ya taso da shan baƙin mai tun yana sabo. Injin dizal ya fi saurin kamuwa da wannan. Gyaran mai sauƙi ne: ka tayar, ka jira fitilar baƙin mai ta mutu, ka ba shi kamar rabin minti, ka ja a hankali. Tafiya a hankali ta fi ɗumama inji da sauri a kan tsayuwa wuri ɗaya. Ko a tsakiyar hunturu, sanyin Jos ko na Zariya bai kai wanda zai sa a bar mota tana silo kwata guda ba.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne kafe ƙafa a gudu ɗaya. An sayi mota a Legas ko Abuja, an ba direba ya kawo ta Kano, shi kuma saboda tsoron maigida ya ɗora ta a kan 90 ya riƙe har ya iso, ko ya danna maɓallin nan da ke riƙe gudu da kansa. Littattafan Toyota sun hana wannan ƙarara a kilomita 1,000 na farko: kada a daɗe a gudu ɗaya, kada a daɗe a ƙaramar giya, kada a fizgi mota, kada a yi gudun wuce hankali. Dalili shi ne lokacin da ka taka totur ringi suna mannuwa da bango, lokacin da ka ɗaga ƙafa kuma mai yana samun hawa ya wanke ɓarɓashin ƙarfen da aka goge, ya sanyaya wurin. Wannan takawa da sakin su ne aikin. In doguwar tafiya ta zama dole, ka riƙa canzawa tsakanin 80 da 110 gwargwadon kyan hanya da abin da doka ta yarda, ka sauko giya jefi-jefi, ka tsaya ka huta.

Masu ƙure maleji ba sai an daɗe a kansu ba. Akwai masu cewa sabuwar mota sai an buɗe mata wuta ranar farko ta saba da gudu. Kamfanonin da suka ƙera injin ba haka suka ce ba. Volkswagen ta ce a kilomita 1,000 na farko kada a take totur har ƙasa, kada kuma allurar juyin inji ta wuce kashi biyu cikin uku na iyakarta, sannan daga nan zuwa 1,500 a riƙa ƙarawa sannu a hankali. BMW ta sa iyakar juyi 4,500 ga fetur, 3,500 ga dizal, har kilomita 2,000. Abu mafi muni shi ne taka wuta inji yana sanyi. Allurar zafi da ke gabanka zafin ruwa take nunawa, baƙin mai kuwa yana baya, sai an ƙara wasu mintoci ana tafiya kafin ya kai zafinsa. Don allura ta hau tsakiya ba ya nufin tobo ya shirya karɓar wuta.

Akwai kuma wanda mutane ba su ɗauke shi laifi ba sam, wato jan mota da babbar giya alhali inji yana ƙasa-ƙasa. Mai giyar hannu yana tafiyar 50 ya jefa ta a giya ta biyar ko ta shida don tsimin mai, ya zo hawa ya take totur, mota tana kakkarwa tana gurnani. A tsohon inji wannan wahala ce kawai. A ƙaramin injin fetur mai tobo, irin wanda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, yana iya jawo wuta ta tashi da kanta kafin fulogi ya kunna, daidai lokacin da fistin ke hawowa. Bugu ɗaya irin wannan yana iya fasa gefen fistin. In za ka hau tudu ko za ka wuce tirela, sauko giya tukuna, allurar juyin inji ta kai wajen 2,500 zuwa 3,000, sannan ka taka. Mai otomatik ba shi da wannan damuwar sosai, sai in ya mayar da ita ta hannu ya riƙe ta a sama.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, domin shi ne ke cin tobo a ɓoye. Ka kwaso gudu daga Kaduna, ka shiga gidan mai a Zariya, ka murɗa makulli nan take. Inji na tsayawa famfon baƙin mai ya tsaya, amma gidan tobo yana nan da zafin da ya tara. Ɗan man da ya rage a kan sandar sai ya soye, kamar man gyaɗan da aka manta a kasko a kan wuta, ya zama baƙin gawayi. Duk wanda ya tsaya kusa da makanike yana kwance tobon da ya mutu ya ga abin: zai ciro siririn bututun ƙarfen da ke kai mai, ya ɗaga shi sama ya leƙa, haske ba ya fitowa ta ɗaya bakin. Ya zura waya, wani baƙin gari mai tauri ya zubo a tafin hannunsa. Ya kama farfelar da yatsa biyu ya jijjiga, ka ji tana ƙwas-ƙwas. Sai ya dube ka ya ce, "Alhaji, ƙishirwar mai ce ta kashe shi." Ba rana ɗaya wannan ke faruwa ba, kowace kashewa da zafi tana ƙara wani ɓawo a kan na jiya.

Jiran da ake buƙata ba shi da yawa. Wasu littattafan Hilux mai dizal sun nuna cewa bayan zirga-zirgar cikin gari ba sai an jira ba, bayan gudun babbar hanya a jira daga daƙiƙa 20 zuwa minti guda, bayan doguwar hawa ko dogon gudu kuma kamar minti 2. Wanda ya hau Hawan Kibo da kaya ya san irin hawan da ake nufi. Abin da ya fi silo ma shi ne ka sassauta tun kilomita biyu ko uku kafin inda za ka tsaya, iska tana shiga, mai yana zagayawa. Motoci da yawa na yanzu suna da ɗan famfon ruwa na lantarki da ke ci gaba da sanyaya tobo bayan an kashe, shi ne ƙarar da kake ji a ƙarƙashin bonet. Yana taimakawa ƙwarai, amma ruwa yake turawa, ba mai ba. Ita kuwa al'adar nan ta taka totur sau biyu, "vum, vum", sannan a kashe, wadda aka gada daga zamanin kafireto, a daina ta gaba ɗaya. Kana ƙara wa tobo gudu ne a daidai daƙiƙar da za ka yanke masa mai.

Maganar baƙin mai. Har yanzu za ka ji ana cewa ƙasarmu da zafi, sai mai kauri, a zuba 20W-50. Hanyoyin mai na waɗannan injuna sirara ne, kuma mai kauri yakan makara kafin ya isa tobo da safe. Abin da aka rubuta a littafi ko a murfin mai shi za ka zuba, 0W-20 ne ko 5W-30. Ga injin fetur mai tobo, duba bayan galan ka ga alamar ingancin mai ta API SP, ko aƙalla SN Plus. An fito da SN Plus a 2018, SP a 2020, kuma cikin dalilansu har da maganin wutar nan mai tashi kafin lokaci. Dizal mai matatar hayaƙi a salansa yana da nasa man mai ƙarancin toka. Jabun mai ya cika kasuwa, don haka ka saya inda ka amince, a fasa galan a gabanka. Kada ka ƙara masa wani sinadarin gwangwani da ake cewa yana sa inji santsi, domin a wannan lokacin gogayyar ringi da bango ake nema.

Shin a yi juyen farko da wuri? Nan masana sun rabu. Kamfanoni da yawa sun ce a bi jadawalin da ke littafi, Honda ma ta daɗe tana cewa a bar man da motar ta zo da shi har lokacinsa. Ra'ayina shi ne, sabuwar mota mai garanti ka bi littafinta, ka kuma ɗauki jadawalin da aka ware wa wurare masu ƙura da zafi, don mu can muka faɗa. Injin da aka buɗe a gareji kuwa, inda iska ke kwaso yashi tana zubawa a kan kayan aiki, ban yarda ya wuce kilomita 1,000 ba tare da an juye mai an canza filta ba. Ko wanne ne, ka riƙa zaro sandar awon mai duk sati. Sabon inji yakan ɗan sha mai kafin ringi su zauna, kuma ba abin tsoro ba ne matuƙar yana raguwa.

Ƙurar hunturu tana da nata ɓarnar. Yaron gareji ya ciro filtar iska ya bubbuga ta a taya, ya hura ta da iskar faci, takardar ta huje inda ido ba ya gani. Yashin da ya wuce nan farfelar tobo zai fara samu, ya cinye bakinta, sauran ya wuce silinda. A canza filta in ta cika, a tabbatar murfinta ya rufu ruf. Haka nan kada ka yarda a cire tamasta a haɗa fanka dairek wai don zafi, inji ba zai kai zafin aikinsa da wuri ba. Kada a cika lagireto da ruwan famfo, tunda a motoci da yawa ruwan nan yana ratsa tobo. Man bumburutu kuma a nisance shi, wanda ya tuna gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo Najeriya a watan Fabrairu na 2022 ya san abin da mugun mai ke yi wa inji.

Lodi ma a saurara masa. Toyota ta ce kada a ja tirela ko wata mota a kilomita 800 na farko, kuma a guji birki na ba-zata a 300 na farko, saboda birki da tayoyi su ma sababbi ne, ba su gama kamawa ba. Hilux ɗin da aka saya don aikin gona, a bar ta ta cika kilomita dubu kafin a danƙara mata buhunan masara.

Wanda aka ɗaura wa sabon tobo a tsohon inji, ya tsaya a kan makanikensa ya ga an yi abu uku. A canza bututun da ke kai mai ko a wanke shi tas, a juye mai da filta, sannan a ɗura mai a bakin tobon a juya farfelar da hannu kafin a tayar. In an tayar, a bar shi a silo 'yan mintoci ba tare da an taɓa totur ba, a duba ko akwai yoyo. A kuma nemo abin da ya kashe na farko, in ba haka ba shi zai kashe na biyu.

Da ka haura 1,500, ka fara buɗe mata a hankali, yau ka kai allura 4,000 a injin fetur bayan ya yi zafi, wani satin ka ƙara. Idan ka ga shuɗin hayaƙi a salansa, ko ka ji tobo yana kuka kamar jiniya, ko mai yana sauka bai fasa ba bayan kilomita dubu biyu ko uku, ka mayar da ita wurin dillalin da ya sayar maka tun garanti bai ƙare ba, tare da rasit ɗin kowane juye da ka yi.