Yadda Ake Amfani da Karin Maganar "Make a Fool of"

Masu koyon Turanci da yawa kan ɗauka cewa karin maganar "make a fool of" zolaya kawai take nufi, alhali kuwa nauyinta ya wuce haka. Idan Bature ya ce "He made a fool of me", yana nufin an mayar da shi wawa, an kunyata shi a idon mutane har ya rasa inda zai sa kansa.

Abu na farko shi ne a kiyaye ginin jimlar. Kalmar "make" ce kaɗai ke sauyawa bisa lokaci, ta koma "made" ko "making", sannan a ambaci wanda aka ci wa fuska bayan "of". Wasu kan ce "out of", kuma ma'anar ba ta canzawa. Idan kuwa mutum shi ya jawo wa kansa, kamar wanda ya miƙe a taron biki ya yi ta yabon ango da sunan wani, sai a ce "He made a fool of himself".

Kuskuren da na fi gani shi ne cakuɗa ta da "make fun of", wadda ke nufin yi wa mutum ba'a, ko kuma da "fool" ita kaɗai, wadda ke nufin yaudara idan aikatau ce. A ganina bai dace a sanya "make a fool of" cikin wasiƙar ofis ba, domin zargi ne mai zafi. A can kalmar "embarrass" ta fi dacewa.